Baƙuwar Gindin Randa

Mutari ne ya kawo ta daga Kwatano
cikin gorar roba da aka yanke wa wuya:
ganye uku, saiwa ɗaya fara sol kamar zaren ɗinki.
Ya ce, "Can a bakin kwata take fitowa,
ba mai ko kallonta."
Na ce, "Nan Damagaram ne, ƙanena,
ko dutse da haƙuri yake zaune."

Ba mu san sunanta ba.
Ganyen kamar bakin kibiya,
kore a gefe, tsakiya kamar an ɗiga nono,
sai muka ce mata Kibiya.
Ba ta musa ba.

Ranar farko na yi mata gatan jahili,
na kai ta tsakar gida ta sha hantsi.
Kafin azahar ta langaɓe kamar tsumma,
bakin ganye ya soye.
Na sure ta, na zaga ɗaki, na rasa masauki,
sai gindin randa,
inda ƙasa ba ta bushewa,
inda wani kwaɗo ke zaman haya bai taɓa biya ba.
Randa na zufa, ita tana shaƙa.
Haske na shigowa ta labule, a tace.
Kwana tara, ta ɗaga kai.

Ruwa a Garin Malam kuɗi ne.
Famfo kan yi kwana huɗu bai ko yi tari ba,
ɗan garuwa ya ƙara wa bido dala biyar.
Baraka ta leƙo ta katanga:
"Ganyen nan, ana miya da shi?"
A'a.
"Magani ne?"
A'a. Ruwansa ma ƙaiƙayi yake sa hannu,
ɗan akuya ya taɓa gutsura, ya kwana yana dalala.
"To me kike shayarwa?"
Na yi shiru.
Ruwan alwalata nake tara mata a kwano,
da na wankin shinkafa in an samu,
ban ci hakkin tulun kowa ba.
Ran Juma'a in jiƙa gefen zane
in share mata fuska ganye-ganye.

Sai damina ta kankama.
Ɗaki ya yi gumi, gishiri ya jiƙe a gwangwani,
ashana ta ƙi kamawa, ƙofa ta kumbura,
Kwatano ta biyo ta har gida.
Ni kuwa ban daina zuba mata ba,
hannu ya riga ya saba.
Ganyen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa,
tukunya ta fara tsami,
ƙananan ƙudaje suka buɗe kasuwa.
Da na tuge ta, rabin saiwar ya yi baƙi,
yana narkewa a yatsa.
Rana ba ta kashe ta ba,
ni na kusa.

Na sa reza na yanke ruɓa,
na huda gindin tukunya da ƙusa,
na gauraya ƙasa da yashi da garin gawayi.
Yanzu sai na tsoma yatsa har gaɓa ɗaya:
in ƙasa ta kama, in wuce abina,
in ta zube, in ɗauko kwano.

Da ta warke ta fara neman abin dafawa.
Na naɗe sanda da tsohon buhu, na kafa.
Ta kama, ta hau, ta wuce bakin randa,
tana leƙen moɗa.

Jiya Baraka ta shigo ba ta katanga ba,
ta ƙofa, da sallama, da kwalba a hannu.
Na yanka mata ƙasa da gaɓa,
inda ɗan ƙurjin saiwa ke jira.
Na ce ta wanke hannu. Na ce ban da hantsi.

Mutari kuwa damina biyu bai zo ba,
mota ta kai shi wasu hanyoyi.
In ya kira, layin na yankewa,
ban samu na gaya masa ba
cewa sabon ganyen can na sama
ya daina kama da kibiya:
ya rabu uku, ya rabu biyar,
ya buɗe, yana fuskantar ƙofa,
kamar tafin hannu.